Kafin ka kutsa cikin Death Valley, tsaya a Furnace Creek

Ni mutumin Sakkwato ne, don haka da aka ce mini Death Valley, wani kwarin hamada a Amurka da gwamnati ta keɓe a matsayin gandun ƙasa, akwai zafi, dariya na yi. Ranar da na buɗe ƙofar mota a can cikin watan Yuli, iska ta mare ni kamar daga bakin tanderu, sai na haɗiye dariyata. A nan Furnace Creek ɗin, zangon da ofishin baƙi na gandun yake, cikin jihar Kalifoniya, aka taɓa auna zafin digiri 56.7 na ma'aunin Celsius ranar 10 ga Yuli, 1913.

Daga Las Vegas tafiyar awa biyu ce da ɗan doriya. Cika tankinka a garin Pahrump da ke kan hanya, don man cikin kwarin tsada gare shi. Sabis ma ɗaukewa yake yi, sai ka sauke taswira a wayarka tun kana gari.

Ofishin baƙi na buɗewa ƙarfe 8 na safe, a rufe ƙarfe 5 na yamma. A waje akwai ƙaton ma'aunin zafi, za ka tarar ana layin ɗaukar hoto a gefensa. Yi naka da sauri ka shige sanyi. Kuɗin shiga da kati ake biya, takardar kuma ta kwana 7 ce. Ajiye ta inda za a gani ta gilashin mota.

Abin da ya kawo ka shi ne teburin ma'aikatan gandun, masu faffaɗar malafa. Kada ka karɓi taswira kawai ka juya. Faɗa musu irin motarka da inda za ka, ka tambayi wace hanya ce a rufe. Hamada ce, amma ambaliya na cinye titi: a Agustan 2023 ruwan guguwar Hilary ya sa an rufe gandun kusan wata biyu. Ni da 'yar ƙaramar motar haya na so zuwa Racetrack, inda duwatsu ke barin sawu a busasshen taɓo. Ma'aikaciyar ta ce tsakuwar hanyar yanka taya take yi, na haƙura. Sai ta tambayi ruwa nawa na riƙo. Na nuna mata gora biyu 'yan ƙanana, kunya kamar in nutse. Ƙa'idarsu aƙalla lita 4 ga mutum ɗaya a yini, ni kuma na ce ka ƙara na alwala. Akwai famfon cika gora a wurin, kyauta. Lokacin zafi ba a yawo da ƙafa a ƙasan kwarin bayan ƙarfe 10 na safe, in kuma mota ta mace, a zauna tare da ita.

Zauna ka kalli fim ɗinsu na minti 20, ka zaga ɗakin nuni. A can na san cewa 'yan ƙabilar Timbisha Shoshone har yau suna zaune a nan, kuma da alfadarai ake jan amalanken ma'adinin borax daga kwarin a shekarun 1880.

Filin gishiri na Badwater kuwa bar shi sai gobe da sassafe. Yana kudu da ofishin, mita 86 ƙasa da doron teku. In ka isa filin gishirin, juya ka ɗaga kai: can sama a jikin dutse akwai allon da ke nuna inda teku zai tsaya.