Masu zuwa Delft karatun ruwa, ku fara da adireshi

Duk shekara sai an ga sababbin ɗalibanmu sun sauka Delft ta ƙasar Holan, lissafin gudun ruwa a ka, amma takardar haya ta kayar da su tun makon farko. Cibiyar IHE Delft, wadda aka kafa a 1957 bayan babbar ambaliyar 1953, da Jami'ar TU Delft sun daɗe suna horar da injiniyoyin ruwa, kuma namu ba sa ba mu kunya a aji. A wajen aji ake shan wuya.

Biza ba ta da wahala, makaranta ce ke nema maka a hukumar shige da fice ta IND. Idan an ce ka yi gwajin tarin fuka a ofishin lafiya na GGD, ka yi shi cikin wata 3.

Gida shi ne ƙashin bayan komai. Doka ta ce ka yi rajista a ƙaramar hukuma cikin kwana 5 da isowarka, a nan za ka samu BSN, wato lambar shaidarka a wajen gwamnati. Da ita ake harkar banki, inshorar lafiya da aiki, kuma rajistar da adireshi ake yin ta. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, tambayi mai gida ko ya yarda ka yi rajista da adireshin. Ya ce a'a, ka kama gabanka, komai arhar ɗakin. Yawanci shi ma haya yake, ya ba ka a ɓoye. Ɗan'uwa, kada ka tura ko sisi ga wanda ka gani a Facebook yana cewa ya yi tafiya, zai aiko maka da makulli. Wannan damfarar ta tsufa, amma har yanzu tana cin masu digiri. Idan makaranta ta ba ka ɗaki ta hannun DUWO, ƙungiyar da ke ba ɗalibai gidajen haya, karɓa, ko da ya yi maka ƙanƙanta.

Tun 1 ga Yuli 2023, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa a matsayin jingina ba ya wuce hayar wata 2. Ka duba a takarda an raba ainihin haya da kuɗin wuta, ruwa da ɗumama ɗaki. Ranar shiga ka ɗauki hoton bango, mita da duk abin da ya karye. Idan aka tsawwala maka haya, akwai hukumar Huurcommissie da ke raba gardama.

Masu ɗokin aiki, iyakar da aka yarda wa ɗalibi awa 16 ne a mako, ko cikakken aiki a Yuni, Yuli da Agusta, kuma mai ɗaukar ka ne zai nemo izini. Ka kasa cin rabin kwasa-kwasan shekara (rabin credits) ba tare da uzuri ba, takardar zamanka na iya tafiya.

A karatun kuwa, ka iya Python (harshen rubuta manhaja) da QGIS (manhajar taswira) tun kafin ka taso, don ba za a jira ka ba idan aka shiga HEC-RAS da MODFLOW, manhajojin lissafin gudun ruwan kogi da na ƙarƙashin ƙasa. In kana son yin bincike a kan wani kogi na gida, taho da bayanan ruwan sama da na ma'aunin kogin na shekaru masu yawa. Neman su ta wasiƙa daga nesa yana cin watanni, bayanan ruwan sama na tauraron ɗan'adam irin CHIRPS kuma sai an gwada su da awon ƙasa kafin malami ya amince.