Kurakuran da masu sayen gona a karkarar Sakkwato suke ta maimaitawa

Duk shekara da an kwashe amfanin gona, sai ka ga ma'aikata da 'yan kasuwa daga cikin gari sun bazama wajen Kware, Wamakko, Dange Shuni da Boɗinga suna neman gona. Kowa so yake ya kafa gandu, ya ɗaure 'yan shanu, ya samu inda zai riƙa zuwa shan iska ranar Asabar. Niyyar mai kyau ce. Abin da ya ishe ni, ramin da na faɗa a shekarun baya shi suke ta faɗawa, kuma sai kuɗi ya bar hannunsu sannan su zo neman shawara.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sayen gonar gado daga hannun mutum ɗaya. Dillali ya kai ni wata gonar tudu mai itatuwan gawo, irin wadda gero ke so, ya haɗa ni da wani dattijo da duk ƙauyen suka shaida shi ke nomanta tun rasuwar mahaifinsa. Muka daidaita, ya sallama, aka rubuta takarda, shaidu suka dangwala hannu. Na zuba takin gargajiya, na haƙa rijiya. A damina ta biyu ina tsaye kan masu noma, sai ga wata tsohuwa da ɗanta daga Ƙonni, can take aure. Ta gaishe ni ta ce, "Ɗana, wa ya saida maka wagga gona? Ta gado ta, ba a raba ba." Na ce, "Inna, ga takarda." Ta ce takardar ba da hannunta a ciki ba. Kuma gaskiya ta faɗa.

A gaban alƙali na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Wanda ya sayar mini ba shi da iko sai kan rabonsa. 'Yar'uwarsa, wato tsohuwar nan, tana da rabin abin da namiji zai samu, matar mamacin tana da tumuni tunda akwai 'ya'ya, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya mai saye kuɗinsa ya karɓi wurin. Da aka ja igiyar rabo, rijiyata a kason tsohuwar ta faɗa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Haƙƙinta ne aka so a cinye don tana mace kuma tana nesa, ni kuma gaggawata ta sa na zama hannun da aka ci da shi.

Tun daga nan ba na taya gona sai na ji asalinta: wa ya sari dajin, gada aka yi ko saye, magada nawa ne, ina takardar rabon gado daga kotu. Matan da ke cikin kulle maiɗakina nake turawa ta ji daga bakinsu, don "ai sun yarda" daga bakin yayansu ba shaida ba ce. Sannan mu zauna gaban mai unguwa da hakimi da rana tsaka, maƙwabtan gonar na gabas da yamma, kudu da arewa suna wurin. Ku tuna kuma, mai noma gona ba lallai shi ne mai ita ba. Wata jingina ce, wata aro ce da ta daɗe har mutane suka manta.

Masu cewa takardar dillali ta wadatar, ku ji. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, ƙasar karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarta na gargajiya, har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Ka bi takardarka har can, ka sa a auna a kafa duwatsu. Hekta mita 100 ce tsawo, 100 faɗi. "Daga waccan tsamiya zuwa wancan suri" ba awo ba ne, suri yana rushewa.

Na biyun da ya yi mini illa shi ne ganin gona da rani kawai. Haba jama'a! Ta yaya mutum zai ga fadama a watan Maris, ƙasa baƙa ta tsattsage, albasa ta yi kore a gefe, ya zaro kuɗi nan take? Fadamar Rima a rani daban take da ta watan Agusta da Satumba. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya malale ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar Goronyo har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san nisan da kogin nan ke iya kaiwa. Ni shinkafa na zuba a wani kwari da ban taɓa gani da damina ba. Ruwa ya kwanta a kanta ya ƙi janyewa, ko irin da na shuka ban mayar ba. Yanzu kowace gona sai na taka ta a tsakiyar damina da ƙafata. Ina duba alamar laka a jikin itatuwa, ina duba inda ruwa ke bi, a tudu kuma ina neman jan furen ƙuduji, wato ciyawar wuta-wuta, a cikin gero, don shi ke tona asirin ƙasar da ta gaji. Wurin da ciyawa ta ƙi fitowa ko a Agusta fako ne, a bar shi.

A wannan zagayen nakan tsaya a ruga mafi kusa in tambayi ardo ta ina shanu ke bi zuwa mashaya. Burtali ba ya nuna kansa sosai da rani, kuma akwai masu sayar da shi ido rufe. Ka shinge hanyar shanu, ka sayi rigimar da 'ya'yanka za su gada. Arahar gona ma abin tambaya ce, musamman ta gabas, wajen Isa da Sabon Birni, inda rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin kuɗi. Iyaka a dasa mata aguwa ko gamba tun daminar farko. Kada a sari gawo don a ce yana tare rana, ganyensa da damina yake zubarwa, kuma gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Kada a je kasuwar Illela ko Achida a kwaso bokolo da raguna uda alhali ba a tara harawa da kara da dusa ba. A lokacin girbi ake tara su, zuwa bazara sun yi tsadar da za ta cinye ribar. Sabuwar dabba a ware ta mako 2 zuwa 3 kafin ta shiga garke. Shanun da ke kiwo a fadama a riƙa ba su maganin ciwon hanta. Makiyayi kuma a ƙirga masa dabbobi gaban shaida, a fayyace ladansa da zancen nono tun ranar farko.

Ku kuma samari masu zuwa farauta da karnuka bayan kaka, ku daina cinna wa daji wuta don ku kori zomo da gafiya. Iskar hunturu ba ta san iyakar gona ba. Na ga tarin harawar wani maƙwabcina, abincin dabbobinsa na rani duka, ya zama toka kafin a ɗebo guga ɗaya daga rijiya.