Sirof ɗin khal da 'ya'yan itace: kurakuran da ke sa a zubar da shi

Tun da moktel, wato haɗaɗɗen abin sha marar barasa, ya shigo bukukuwanmu, kowace mai sana'ar lemo tana son a ce ita ma ta iya sirof ɗin khal. Na ji daɗin haka. Abin da ya ishe ni shi ne kukan da ake kawo min iri ɗaya ne kullum: Anti, nawa ya yi kumfa. Anti, nawa yana ƙarnin ƙarfe. Anti, tsami ya hana a sha. In na bi diddigi sai in tarar kuskuren da na gama yi wa wata bayani shi wata ta sake tafkawa. To bari in zube su wuri ɗaya, wadda ta ji ta huta.

Ga wadda ba ta san shi ba, abu uku ne: 'ya'yan itace, sukari da khal. Sukari ya zuƙo ruwan 'ya'yan itacen, khal ya tsare shi daga lalacewa ya kuma ba shi tsamin nan mai kama harshe. Sai a zuba kaɗan a kofi, a ƙara ruwan soda da ƙanƙara. Tun ƙarni na 17 mutanen Ingila ke adana 'ya'yan itacen bazararsu da khal, daga nan abin ya haura Amurka, inda suke kiransa shirob. Da firij ya shiga gidaje aka yi watsi da shi, sai wajen 2011 masu haɗa abin sha a can suka farfaɗo da shi. Mutanen Iran kuwa sun riga su da nisa, suna da sakanjabin, na khal da zuma da na'ana'a, wanda suke sha lokacin zafi. A Amurka wasu da barasa suke haɗa shi, mu namu ruwan soda ne. Amma ku riƙe abu ɗaya daga tarihin nan: don adanawa aka ƙirƙire shi. Manyan kurakuran duk daga manta wannan suke fitowa.

Na farko, wanda ya fi kowanne ci min tuwo a ƙwarya, shi ne barin 'ya'yan itace da sukari a waje cikin zafinmu. Yawancin bayanan da kuke gani a intanet cewa suke a yanka, a barbaɗe da sukari, a rufe, a ajiye kwana ɗaya ko biyu, wasu ma su ce a kan teburin kicin. Wanda ya rubuta haka kicin ɗinsa bai wuce digiri 20 ba. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa ya yi araha, zafi yana haura digiri 40. A jikin ɓawon kowane ɗan itace akwai yis na daji da ido ba ya gani. Ki ba shi sukari, ki ba shi ruwa, ki ba shi ɗumi, ai kin gama masa komai. Zai ci sukarin ya fitar da iska da barasa. Kumfar da kike gani a sama ita ce shaidar ya fara aiki.

Wannan ya taɓa cin kuɗina da mutuncina. Odar walimar aure ce, na haɗa mangwaro da sukari babban bokiti na saka a firij, aka ɗauke wuta da daddare, ban tashi na duba ba. Da na buɗe, murfin ya ɗago, saman ya yi fari da kumfa, wani wari mai hawa kai ya bugi hancina. Yarinyar da ke taya ni aiki ta ce, "Anti, mu zuba khal mana, ai zai rufe warin." Zai rufe ɗin kuwa, kuma nan hatsarin yake. Khal yana ɓoye warin, amma barasar da ta riga ta samu tana nan. In ɗauki wannan in kai wa bayin Allah a wajen walima, har da yara da tsofaffi, su sha da bisimilla? Na tuntsurar da bokitin gaba ɗaya, na kira uwar amarya na ba ta haƙuri na mayar mata da kuɗinta. Har yau in na ga wata ta ɗauki hoton kwalbarta tana tsiyayar kumfa tana murna wai "ya nuna", raina ɓaci yake yi. 'Yar uwa, bai nuna ba, ya lalace. Kuma in kin ɗaure murfin kwalbar gilas a kan abin da ke tafasa da kansa, tana iya fashewa a hannunki ko a fuskar ɗanki.

Abin da nake yi yanzu ya danganta da yanayi. In da sanyin hunturu ne ko ina da tabbacin wuta, nakan bi hanyar sukari: in haɗa da yamma, ya kwana a firij, washegari in tace in zuba khal. Da bazara kuwa juya tsarin nake yi, khal nake fara zubawa a kan 'ya'yan itacen har ya shanye kansu, in rufe, in bar shi 'yan kwanaki a wuri mafi sanyi a gidan ina girgizawa, sannan in tace in narka sukarin a ciki. Yis ba ya samun sakewa cikin khal mai ƙarfi. Wasu za su ce ƙamshin bai kai na hanyar sukari ba. Gaskiyarsu, akwai ɗan bambanci, amma ina barci hankalina kwance. In kuma gaggawa ce, sai in dafa: ruwa da sukari su narke, in zuba 'ya'yan itacen su yi laushi a wuta kaɗan, in sauke, ya huce, sannan khal ya shiga. Kada a tafasa khal ɗin tare da su, ƙarfinsa da ƙamshinsa za su bi tururi, ke kuma ki yi ta tari a kicin.

Na biyu kuma, haba jama'a, kanwa! Wa ya ce a saka kanwa? Na san daga inda abin ya samo asali, mun saba jefa 'yar kanwa a zoɓo don ta kashe tsami. Sai mace ta ɗanɗana sirof ɗinta ranar da ta haɗa, ta ji ya doki maƙoshinta, ta ɗauko kanwa ko bekin soda ta jefa. Ya taso da kumfa ya lafa, ta ɗanɗana ta ji ya yi laushi, ta yi murmushi. Kin kashe mai gadin ne da hannunki. Tsamin nan shi ne ke hana ƙwayoyin cuta zama. Masana abinci suna da ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, kuma sun ja layi a kan 4.6: abin da ya fi haka tsami, ƙwayar cutar nan mai sa guba a abincin gwangwani ba ta iya girma a cikinsa. Khal na kirki yana sauke sirof ƙasa da wannan layin sosai. Kanwa kuwa sama take tura shi, ya koma ruwan sukari kawai a rufaffiyar kwalba. In da zoɓo a ciki ma za ki gani da idonki, jan nan mai haske ya dushe ya koma baƙi-baƙi.

'Yar uwar kanwa ita ce sirka khal da ruwa don a yi tattali, ko sayen wanda aka ɗura a gorar ruwa ba takarda ba suna. Ki juya kwalbar ki karanta. Ki nemi inda aka rubuta kashi 5 cikin 100, shi ne ƙarfin khal na girki. In babu rubutun, ki ajiye musu kayansu. Akwai kuma mai ƙarfin da ya wuce kima, na goge-goge, da wani da ake sayarwa a Jamus mai kashi 25 cikin 100, wanda zai iya ƙona baki in ba a sirka shi ba. Waɗannan ba na moktel ba ne. Ni khal ɗin tuffa nake amfani da shi a kusan komai, don yana da sanyin hali. Farin khal kaifi gare shi, sai dai in gauraya shi rabi da rabi da na tuffa in kuɗi sun yi kaɗan. Wanda aka yi da giyar inabi akwai saɓanin malamai a kansa, ni na bar shi, tunda ga wanda ba a yi jayayya a kansa ba. Khal kansa dai ai Manzon Allah (SAW) ya yabe shi, ya ce madalla da shi a matsayin mahaɗi.

To tsamin fa, yaya za a yi da shi? Haƙuri. Sirof ɗin ranar farko ba a yanke masa hukunci. Ki rufe ki saka a firij mako guda, ki sake ɗanɗanawa, za ki ji kaifin ya kwanta, ƙamshin mangwaron ko abarbar ya fito gaba. In har yanzu ya yi miki yawa, sukari za ki ƙara, ko ki ƙara ruwan soda a kofi lokacin sha.

Sai tukunya. Khal yana cin dalma. Ki jiƙa shi a tukunyar dalma ko tasar alminiyum, ki wayi gari cikin tukunyar ya yi dabbare-dabbare, sirof ɗin ya dushe yana ɗanɗanon tsohon cokali, kuma ba ya gyaruwa. Gilas ko tangaran ko sitenles mai kyau, iyakarsu ke nan. Murfin ƙarfe ma tsatsa yake yi daga ciki, don haka nakan shimfiɗa leda mai tsabta a bakin kwalbar kafin in ɗaure. Kwalbar kuma a tafasa ta minti 10 a kife ta bushe. Wadda aka ci yaji ko man shanu a ciki, ko kin wanke ta da omo sau nawa, warin zai dawo.

Awo ma ana wasa da shi. Ma'aunin da aka saba shi ne ɗaya-ɗaya-ɗaya: giram 500 na 'ya'yan itace, giram 500 na sukari, rabin lita na khal. Daga nan ake farawa, sai a gyara gwargwadon ɗan itacen. Dabino zaƙinsa ya isa, nakan rage sukari sosai. Tsamiya da zoɓo da tsaminsu suka zo, sukari nake ƙara musu, ba na taɓa khal ɗin. Kankana ruwa ce zalla, tana sirka khal ta rage masa ƙarfi, ƙamshinta kuma baya jimawa, shi ya sa kaɗan nake yi a shanye cikin mako. Goruba da busasshen zoɓo ba su da ruwan da sukari zai zuƙo, sai an dafa ko an jiƙa.

Ragowar ƙanana ne. Mangwaron da ya nuna lugub shi ake so, amma wanda ya fara ruɓa ba a yanke gefen a yi amfani da sauran. Farin nan da ke cikin ɓawon lemu ɗaci yake kawowa, ki kankare saman kawai ki murje shi da sukari. Kada ki markaɗa a bilenda, zai yi kauri ya ƙi tatuwa, dandaƙawa da muciya ta isa. In kina tacewa kada ki murɗe ƙyallen da ƙarfi, sirof ɗin zai yi duhu. Sukarin da ya kwanta a gindin kwano kada a zubar, a kwashe a zuba a kwalbar, khal zai narkar da shi. Kanumfari uku ko huɗu sun ishi lita guda, in ya yi yawa sai ki rasa abarba kike sha ko maganin haƙori. Citta ɗanya ta fi busasshiya. Na'ana'a a cire ta da wuri kafin ta yi baƙi. Wani farin abu mai santsi da kan taso in an yi amfani da khal ɗin da ba a tace ba, uwar khal ce, a cire a ci gaba da sha. Fumfuna mai gashi kuwa, kore ko baƙa, kwalbar gaba ɗaya ta tafi. A rubuta ranar da aka haɗa a jikin kwalba. Ana cewa yana yin watanni a firij, amma da irin wutarmu ni ba na bari ya wuce wata biyu.

Wurin zubawa ma akwai gyara. Na sha ganin an cika rabin kofi da sirof kamar ana dama lemon gari, baƙi su kurɓa su yamutsa fuska su ajiye. Kashi ɗaya na sirof, kashi huɗu ko biyar na ruwan soda, ƙanƙara da yawa, sodar kuma ita ce ta ƙarshe don kada iskarta ta fice. Ba a shan sa zalla, tsami yana cin haƙori. Da azumi kuma ba na ba kowa shi a matsayin abin buɗa baki, sai an ci dabino an sha kunu ciki ya ɗauka. Mai gyambon ciki kuwa a tambaye shi tukuna, in ya ce yana da shi a kawo masa kunun aya.