Yadda za ka shigar da ƙaramin asibitinka tsarin inshora ba tare da ka karye ba

Ni ba likita ba ce. A asibitin Yayana, mai gado goma sha biyu a nan Kano, ni ke riƙe da ofis: kati, rasit, albashi, sayen magani, da tarbar duk wanda ya shigo riƙe da takarda mai hatimin gwamnati. Masu ƙananan asibitoci irin namu kan tambaye ni ta ina za su bi su fara karɓar 'yan inshorar lafiya. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba, domin nakan ce su koma su gyara ɗakin katinsu tukuna, wato inda ake ajiye fayil ɗin marasa lafiya.

Tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta fara aiki a 2005, kuma shekara da shekaru kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai ke morar ta. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi a kan kowane ɗan ƙasa, aƙalla a takarda. Jihohi ma kowace da tata. A Kano KSCHMA ce, wadda mutane ke kira taimakekeniyar lafiya. Sai 2023 ta zo, naira ta faɗi, kamfanin magani na GSK ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, Sanofi ya bi sahu, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Magidancin da a da yake zaro kuɗi daga aljihu ya biya, yanzu tun daga bakin ƙofa yake tambaya, "Hajiya, kuna karɓar katin inshora?" In ka ce a'a, sai ya ja iyalinsa ya yi gaba.

Takardu su ne matakin farko, kuma ba su da wuya, naci kawai suke so. Asibitin ya zama yana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da asusun banki da sunan asibitin, kada a yi amfani da na mai gida. Sai rajistar jiha, wadda a Kano hukumar PHIMA ke bayarwa ga asibitoci masu zaman kansu. Sai lasisin kowane ma'aikaci na shekarar da ake ciki, daga majalisar da ke kula da sana'arsa: likita daga MDCN, nas da ungozoma daga majalisarsu, mai haɗa magani daga PCN, mai gwajin jini daga MLSCN. Za a kuma tambaye ka inshorar da ke kare ma'aikata idan an yi kuskure a bakin aiki, wadda yawancinmu ba mu taɓa jin labarinta ba sai ranar da aka nema. Mu ranar da masu dubawa na hukuma suka zo tantance asibitin, mun share ko'ina, mun yi fenti, an wanke banɗaki har yana ƙyalli, ashe lasisin wata nas ɗinmu ya ƙare wata biyu da suka wuce, ita kanta ba ta lura ba. Wannan takarda guda ta ja mana jira na makonni. Tun daga ranar na manna farar takarda a bangon ofis, sunan kowa da ranar da lasisinsa zai ƙare, ina dubawa duk farkon wata. Masu dubawa kuma ba fenti suke kallo ba. Ruwa suke dubawa, da wuta, da inda kake zuba allurar da aka yi amfani da ita, da yadda kake ƙona shara, da ko akwai nas da daddare.

Abin da ya kamata ka zauna ka fahimta da kyau shi ne kuɗin, don iri biyu ne. Akwai kuɗin kan mutum, wanda ma'aikata ke kira kafiteshan: duk wanda ya zaɓi asibitinka, ana biyan ka wani abu a kansa kowane wata, ya zo ko bai zo ba, kai kuma ka ɗauki nauyin ƙananan jinyarsa, zazzaɓi, mura, awon ciki, gwaje-gwaje na yau da kullum. Shekaru da dama wannan kuɗi a tsarin tarayya naira 750 ne. An ɗaga shi a 2024, aka sake ɗagawa a 2025 har ya kusa ninki biyu. Ka ɗauki biro ka yi lissafi da tsohon farashin ka gani. Mutum 200 a kan 750 ya kama naira 150,000 a wata. A watan Maris, lokacin da ba a cika ciwo ba, za ka ga kamar ka tsinci dami a kala. A watan Agusta, damina ta yi nisa, sauro ya cika gari, uwa ta zo da yara uku duk jikinsu zafi, kuɗin nan ba zai kai ka tsakiyar wata ba. Sirrin kafiteshan yawan mutane ne, domin masu lafiya ke biya wa marasa lafiya. Wanda ke da mutum ɗari kacal gara ya san cewa hidima yake yi, riba sai mutane sun taru.

Iri na biyu shi ne kuɗin aiki: tiyata, ganin ƙwararren likita, hoto, kwanciya mai tsawo. Wannan sai ka yi aikin, ka rubuta takardar neman biya, ka tura wa HMO, wato kamfanin da ke tsakaninka da hukuma wajen biyan kuɗi, sannan ka jira. Kuma kafin ka taɓa mara lafiya sai ka karɓi lambar izini daga kamfanin, wadda kowa ke kira kod. A nan ne ƙananan asibitoci ke zubar da kuɗi. Wani dare aka kawo mana mai naƙuda, haihuwa ta gagara, Yaya ya shiga da ita tiyata ƙarfe biyu, aka ciro ɗa lafiya. Ba wanda ya tuna da kod. Da safe muka nema, kamfanin ya ce ai an riga an yi aiki, ba za su ba da izini a kan abin da ya wuce ba. Na yi wata biyar ina zarya kafin a biya mu wani ɓangare.

Ban ce ka bar mai naƙuda tana jiran saƙon waya ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, kuma ko ba doka akwai tsoron Allah. Abin yi shi ne ka raba aiki. Likita ya shiga ɗakin tiyata, nas ɗin da ke kan tebur ta tura neman kod a wannan mintin, ta imel ko ta lambar da kamfanin ya bayar, ta ɗauki hoton saƙon da lokacinsa a jiki, a buga a sa a fayil. A 2025 NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa ba da amsa cikin awa guda. Ko sun cika ko ba su cika ba, hujjarka ita ce shaidar cewa ka nema a kan lokaci. Wajen cika takardar neman biya kuma, sunan cutar da likita ya rubuta ya dace da maganin da aka bayar da gwajin da aka yi. An rubuta zazzaɓin cizon sauro, an ba da maganin olsa, ba a yi bayani ba, to za su soke layin. A rubuta ainihin sunan magani kamar yadda yake a jerin hukuma, kada a sa sunan kamfani. A tsarin inshorar ma'aikatan gwamnati, mara lafiya na biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Ka karɓa, ka ba shi rasit, kada ka ƙara ko sisi a kai.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa na ce ɗakin kati. Duk wannan rigima a kan rubutu take tafiya, kuma rubutunmu na da matsala tun daga suna. Na taɓa samun mace ɗaya da fayil uku a wurinmu: Hauwa a ɗaya, Kulu a ɗaya, Maman wane a na uku. Muhammad kuwa, kowane magatakarda da yadda yake rubuta shi. Kafin ka sayi kwamfuta, ka ba kowane mutum lamba guda wadda ba ta canzawa, ka haɗa ta da lambar wayarsa da ta inshorarsa, da NIN idan yana da ita. Fayil ɗin iyali, wanda ake cusa miji da mata da yara a bango ɗaya, a raba shi. Ka kuma koya wa mai ba da kati ta duba hoto, don za a zo maka da katin uwargida a ce a duba amarya, ko na yaya a duba ƙanwa. Abin tausayi ne sau da yawa, amma in aka gano, asibitinka ne zai amsa tambaya, kuma tarihin jinyar mutum biyu ya cakuɗe a fayil ɗaya, wanda shi ya fi haɗari.

Sai maganar manhajar kwamfuta ta adana bayanan asibiti. Masu tallarta za su yi ta zuwa, samari masu tsabta da kwamfutar hannu, kowa tasa ta fi. Kafin ka kalli kwalliyar allon, ka tambaye shi: idan intanet ta ɗauke, tana aiki? Idan na fasa hulɗa da ku, zan iya kwashe bayanan marasa lafiyata gaba ɗaya in buɗe su a Excel? Kuɗin shekara da naira ne ko da dala? Idan ta lalace ranar Asabar, wa zan kira, kuma a Kano yake ko a Legas? Wanda ya yi inda-inda a tambaya ta biyu, ka sallame shi da girma da arziki. Kada kuma ka ɗora ta a ko'ina rana ɗaya. Mu mun fara da teburin kati da wurin biyan kuɗi, bayan wata biyu muka ƙara famasi, a nan ne ma na fara ganin inda magani ke zurarewa. Likitoci su ne na ƙarshe, kuma Yaya, Allah ya ƙara masa lafiya, har yau da yatsa biyu yake bugawa yana mita. Wuta ma ka sa ta a lissafi. Tun da aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, ga tsadar man janareto, ƙaramar sola da batir wadda za ta riƙe kwamfutoci uku da firjin allura ta fi mana sauƙi.

Da zarar bayanan mutane sun hau kwamfuta, wata doka ta hau kanka. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC, kuma bayanin lafiyar mutum na cikin waɗanda dokar ta fi tsanantawa a kansu. Idan aka sace ko suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Mutane kan zaci maganar masu kutse ce daga ƙasashen waje. A asibiti irin namu ɓarnar daga cikin gida take: ma'aikaci ya ɗauki hoton ciwo ya sa a zauren WhatsApp, ko a tura sakamakon gwaji zuwa lambar da mata da miji da ƙanin miji duk suke amfani da ita. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe min a takardar gwajin jini ta wani asibiti, da sunan mai ita da shekarunta ɓaro-ɓaro. Tsofaffin takardu ƙonawa ake yi, ba a ba masu naɗe kaya da su. Kowane ma'aikaci da nasa kalmar sirri, wanda ya bar aiki a rufe tasa a ranar. A kwafe bayanai duk mako a ajiye a wani wuri daban. Abin da ya fi wuya shi ne suruka ko miji ya tsaya a kanka yana cewa, "Me aka gani a jikinta?" Amsar da na koya wa yaran ofis ita ce, "Baba, ku yi haƙuri, likita zai yi bayani a gabanta in ta amince." Ana jin haushi, amma ana wucewa.

Duba mara lafiya ta waya ya zama ruwan dare, musamman da ƙwararrun likitoci ke ta ficewa ƙasashen waje, wanda ya rage kuma layinsa ya yi tsawo. Ba laifi, amma duk shawarar da likita ya bayar ta waya ko ta bidiyo a shigar da ita fayil da kwanan wata, kamar dai mutumin ya zauna a gabansa.

Magani kuwa, tun farkon 2024 da aka tashi 'yan sari daga Sabon Gari zuwa kasuwar Dangwauro da ke kan titin Zariya, can nake zuwa, kuma ba na karɓar kaya sai da rasit mai lambar rukuni da ranar lalacewa. Ina duba lambar NAFDAC, mai wurin kankarewa in kankare in tura lambar ta saƙon waya don a tabbatar min ba jabu ba ne. Akwai jarabar da ke kama masu asibiti: a ware wa 'yan inshora magani mai araha, ko a ce musu "ya ƙare, je ka saya a kemis", alhali yana nan an ɓoye wa mai tsabar kuɗi. Mutane ba wawaye ba ne. Suna da damar sauya asibiti, kuma malamin makaranta ɗaya da ya ji an wulaƙanta shi zai iya janye maka abokan aikinsa ashirin, kowanne da iyalinsa.

Ranar 25 ga kowane wata nake rufe ƙofar ofis bayan la'asar, ni da akanta, mu jera takardun neman biya, mu gwada kowace da fayil ɗinta da kod ɗinta kafin a tura. Ina da littafi mai jan bango, kowane kamfani da shafinsa: abin da muka nema, abin da suka biya, abin da suka soke da dalilinsu. Bashin da ya wuce wata uku ba na bin sa ta waya. Wasiƙa nake rubutawa, in kai da kaina, a buga min hatimin karɓa a kan kwafi, in aika wani kwafin ofishin NHIA na jiha.