Yadda ake gina taskar dokoki ta kyauta a intanet

A 1992 Peter Martin da Thomas Bruce suka kafa LII (Legal Information Institute, wato cibiyar bayanan shari'a) a tsangayar shari'a ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, suka fara ɗora dokoki da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli kyauta. AustLII ta Ostareliya ta biyo baya a 1995, BAILII ta Birtaniya da Ailan a 2000. A 2002 irin waɗannan cibiyoyi suka haɗu a Montreal suka ayyana cewa bayanan shari'a mallakar al'umma ne. Mai son yin irin nasu, ga inda aikin yake.

Fara da neman inda za a riƙa samo hukunce-hukunce, ba da ƙawata shafi ba. Cornell ta samu sauƙi ne domin tun 1990 Kotun Ƙolin Amurka take fitar da hukuncinta ta kwamfuta. Don haka a ƙulla yarjejeniya a rubuce da rajistaran kotu ɗaya tak, ya riƙa turo hukunci a fayil ɗin Word da zarar an sa hannu. Kotu ɗaya da ba ta da giɓi ta fi kotu goma masu ramuka, domin lauyan da ya nema sau biyu bai samu ba, ba zai sake leƙowa ba.

Tsofaffin takardu sai an yi musu sikanin, aƙalla a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci (dpi), sannan manhaja ta mayar da hoton zuwa rubutu. Nan ake yawan tafka kuskure: manhajar tana rikita 1 da l, da 0 da O, sai lambar sashe ta lalace. Lallai mutum ya bi lambobi da ranaku da ido, a kuma ajiye hoton asali kusa da rubutun.

Kowane hukunci a ba shi lambar da ba ta dogara da littafin wani kamfani ba: shekara, taƙaitaccen sunan kotu, sai lambar jeri, kamar yadda kotunan Ingila suka koma yi a 2001. A sa wa kowane sakin layi lamba. Adireshin hukuncin a intanet kuma kada ya canza ko da an sake fasalin shafin.

Dokoki sun fi hukunci wahala, kuma nan ne ya kamata a zuba yawancin ma'aikata. Hukunci in an yanke ya zauna, doka kuwa kullum ana yi mata kwaskwarima. A Najeriya, wanda ya kwafi kundin dokokin tarayya na 2004 ya ɗora yadda yake, ya ɗora dokar kamfanoni da aka soke a 2020, kuma ɗan kasuwar da ya yi aiki da ita shi zai kwana ciki. A ware mutum guda aikinsa bin gazet kawai, wato jaridar da gwamnati ke buga dokoki a ciki. Duk gyaran da ya fito a shigar da shi cikin sashen da ya shafa, a rubuta ranar da ya fara aiki, a adana tsohon rubutun, saboda ana auna rikici ne da dokar da ke aiki ranar da abin ya faru. A saman kowace doka a bayyana ranar ƙarshe da aka duba ta.

Sunayen yara da na waɗanda aka yi wa fyaɗe a cire su kafin a ɗora. AustLII da CanLII ta Kanada suna ma hana Google kwashe hukunce-hukuncensu, don kada tsohuwar shari'a ta bi mutum har wurin neman aiki.

Sai kuɗi. Tallafin waje na shekara biyu ko uku kan ƙare ya bar shafi a sandare. CanLII ta kauce wa wannan domin ƙungiyoyin lauyoyin Kanada ne ke biya daga kuɗin da mambobinsu ke bayarwa duk shekara. A nemi irin wannan alkawari daga ƙungiyar lauyoyi ko ma'aikatar shari'a tun kafin a ɗora hukunci na farko.