Tsohuwar Hilux mai injekta ta ƙi tashi: abin da za ka duba

Masu tsohuwar Hilux mai injin 22R-E sun yi ta tambayata: kik na juyawa, mota ta ƙi kamawa. Ga yadda nake bi.

1. Leƙa tanki da idonka. Allurar mai a tsohuwar mota ba abar dogaro ba ce.
2. Auna batir. In bai kai bolt 12.4 ba, yi masa caji tukuna.
3. Kankare farin garin da ya taru a kan batir.
4. Zaro fis ɗin EFI (na injekta) mai lamba 15 ka duba ko ya ƙone.
Hattara: kada ka ɗaura masa waya, kana iya ƙona kwamfutar motar.
5. Buɗe ƙaramin akwatin gwaji da ke cikin bonet.
6. Haɗa ramin Fp da na +B da guntuwar waya, don famfon mai ya samu wuta kai tsaye.
Karanta rubutun murfin sau biyu. Nan mutane ke kuskuren rami.
7. Murɗa makulli zuwa ON, kada ka buga kik.
8. Kasa kunne wajen tanki. Shiru na nufin matsala a famfon mai ko wayarsa. In ka ji gurnani, buga kik; in mota ta tashi a haka, rilen famfon (makunnin da ke ba shi wuta) ne abin zargi na farko.
9. Cire guntuwar wayar nan.
10. Kwance filogi ɗaya. In ya jiƙe yana warin fetur, mai na zuwa, wuta za ka bincika.
11. In a bushe yake, canja filtar mai, musamman in a jarka kake sayen fetur.
Nannaɗe bakin tiyon da tsumma kafin ka sassauta, man da ƙarfi yake feshi. Ban da sigari.
12. In har yanzu shiru, kai nozul wajen bakanike a wanke a inji.