Darasi na Tara: Ɗora Tayar Safaya a Bayan Babbar Mota

Yawancin masu zuwa ajinmu na dare a nan Agege da ke Legas direbobi ne da masu gadi, kuma da dama daga cikinsu suna aiki a gidajen da ke da manyan motocin shiga daji irin su Prado da Pajero, waɗanda ake rataya musu tayar safaya a jikin ƙofar baya. Tayar irin wannan mota tare da wilinta takan kai kilo 30 zuwa 40, wato ta fi rabin buhun siminti mai kilo 50, ga ta babu wurin kamawa mai daɗi, kuma sai an ɗaga ta kusan ƙirji kafin ta hau mazauninta. Kada wani ya ɗauka cewa wadda ta sace ta fi sauƙin ɗauka, domin iskar da ta fita ba ta rage mata wani nauyi ba, idan ma a taɓon hanyar Badagiri ta yi faci da damina, to laka ta ƙara mata.

Kashi na ɗaya: kafin a taɓa taya

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja burkin hannu, a sa dutse a bayan taya ɗaya. Idan a bakin titi ne, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayan motar, domin direban damfo, wato ƙaramar bas ta haya, ba ya jiran kowa. Daga nan a garo tayar a tsaye har gindin ƙofa, kada a ɗauko ta. A dubi ƙarafan da ke tsire a jikin mazaunin, waɗanda ake ɗaura noti a kansu, sannan a juya tayar tun tana ƙasa har ramukan wilin su fuskanci ƙarafan nan. Wanda bai daidaita ramuka a ƙasa ba, zai daidaita su a sama da nauyi a hannunsa.

Kashi na biyu: ɗagawa

A nan ne kusan kowa ke kuskure, saboda haka a karanta a hankali, ko sau uku ne. Ba a sunkuyawa, tsugunawa ake yi. Sunkuyawa ita ce mutum ya bar ƙafafunsa a miƙe ya lanƙwasa bayansa, kamar mai tsintar kuɗi a ƙasa. Tsugunawa kuwa ita ce ya buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗunsa, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya sauke ɗuwawu ƙasa, bayansa a miƙe, idonsa na kallon gaba. Ka matso har tayar ta shiga tsakanin gwiwoyinka, ka kama ta da hannu biyu ta gefe da gefe, can ƙasa-ƙasa, ka manna ta da jikinka ko da za ta ɓata maka riga, sannan ka miƙe da ƙarfin cinyoyinka. Gwiwa ce ke lanƙwasa, baya ba ya lanƙwasa.

Wanda ya kasa a karon farko kada ya ji kunya, domin jiki ya daɗe da sabawa da sunkuyo, kuma sannu ba ta hana zuwa. Ka sauke, ka huta, ka sake tsugunawa. Ba dole ne a kai ta sama a tashi ɗaya ba: a fara ɗora ta a kan bamba ko a kan wani kututture mai ƙarfi, a numfasa, a sake lanƙwasa gwiwa, sannan a ƙarasa. Idan kana bukatar juyawa da ita a hannu, ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya, kada ka murɗa ƙugu.

Ranar da muka gwada wannan a harabar makaranta, mutum goma sha ɗaya suka maimaita bayana cewa gwiwa ce ke lanƙwasa, amma da aka garo tayar, takwas suka sunkuya. Wani dattijo da na gyara masa tsayuwa ya ce, "Malam, ai shekara ashirin ina ɗaukar buhu a kasuwar Mil Tuwal." Na ce masa, "Baba, shi ya sa kake dafa bango kafin ka tashi daga tabarma." Aji ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba, domin na ga direban da ya kwanta mako uku saboda ɗagawa ɗaya, kafin ya tashi maigida ya ɗauki wani. Na gaji da ganin magidanta suna nuna ƙarfi a inda ba a tambaye su ba. In akwai mutum a kusa, ka kira shi, ku tsuguna tare, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ku ƙirga uku ku miƙe. Ku tsuguna na ce, ba ku sunkuya ba.

Kashi na uku: ɗaurewa

Da tayar ta hau, kada a sake ta sai an ɗaura noti ɗaya da hannu, kuma kada a sa yatsa tsakanin wili da ƙarfen mazauni. Sauran notunan a ɗaure su da sifana, sannan a girgiza tayar a ji ko tana motsi.

Kashi na huɗu: motar da safayarta ke ƙasa

Ita Hilux a ƙarƙashin bodi safayarta take. Ba a ɗaga ta da hannu. Ana tura ta a kwance, a maƙala ƙarfen sarƙar da ke rataye a ƙarƙashin motar a tsakiyar wili, a murɗa sarƙar ta ja ta sama har ta matse. A nan ma wajen turawa tsugunawa ake yi.